Yadda Ake Karanta Manyan Littattafan Adabi na Dauri Tare da Kwasa-kwasan Intanet na Kyauta

Tambayar da masu sha'awar karatu suka fi yi mini kusan iri ɗaya ce, ko da yake kowa da yadda yake tsara tasa. Mutum ya ji cewa manyan jami'o'in duniya sun saki laccocinsu kyauta a intanet, ya yi rajista a kwas biyu ko uku, ya shafe makonni yana kallon bidiyo, sai ya waiwaya ya tarar littafin da aka gina kwas ɗin a kansa ko babi na uku bai kai ba. Ta ina ya kamata a fara, me ake gabatarwa, me kuma ake jinkirtawa? Matakan da ke ƙasa an jera su ne bisa ƙa'ida guda: littafi shi ne matani, lacca kuwa sharhi ce, kuma sharhi yana amfanar wanda ya riga ya karanta matanin ne kaɗai.

1. Zaɓi littafi ɗaya tukuna

Yawancin mutane suna fara duba jerin kwasa-kwasai, su ga sunan jami'ar da ta burge su, su danna rajista. Ka juya wannan tsari. Ka fara tsayar da littafin da kake son karantawa, guda ɗaya tak, ka kuma san girmansa tun kafin ka buɗe shi, domin girman ne zai gaya maka ko aikin wata uku ne a gabanka ko na shekara. Odyssey, doguwar waƙar labari ta Girkawa da ake dangantawa ga Homer, kashi 24 ce, mai layuka wajen 12,000. Don Quixote na Cervantes, wanda kashinsa na farko ya fito a 1605, na biyu kuma a 1615, yana da babi 126. War and Peace na Tolstoy, marubucin Rasha, yana da gajerun babi 361. Ga mai karanta Larabci, Maƙamatul Hariri maƙama 50 ce, kowacce labari mai zaman kansa, Mu'allaƙat kuwa ƙasidu ne 'yan kaɗan amma masu nauyin lugga.

Shawarata ga wanda bai taɓa yin irin wannan karatu ba ita ce ya fara da abin da zai ƙare cikin mako 12 ko ƙasa da haka. Odyssey ta dace da wannan, haka ma wasan kwaikwayo ɗaya na Shakespeare, wanda ba ya wuce kashi 5.

Gargaɗi: ka ɗan bincika abin da littafi ya ƙunsa kafin ka ɗaura niyya. An rubuta waɗannan ayyuka a zamanai da al'ummomi masu aƙidu dabam-dabam. Waƙoƙin Girkawa cike suke da gumakan da suke bauta wa, kuma a waƙa ta 28 ta kashin farko na Divine Comedy na Dante akwai ɓatanci ga Annabi Muhammadu (SAW) wanda Musulmi ba zai so ya ci karo da shi ba zato ba tsammani. Gara ka yanke shawararka da sani tun a ranar farko.

2. Nemo kwas ɗin, ka tantance shi kafin ka shiga

Kwasa-kwasan kyauta iri biyu ne, kuma bambancinsu ya shafi yadda za ka tsara kanka. Iri na farko laccoci ne da aka ɗauka a aji aka ajiye a fili, babu rajista, babu malamin da zai duba aikinka, babu takardar shaida. Open Yale Courses na Jami'ar Yale, wanda aka buɗe a 2007, irin wannan ne, kuma a cikinsa akwai kwas na lacca 24 a kan Don Quixote wanda Farfesa Roberto González Echevarría ya gabatar. MIT OpenCourseWare, na jami'ar MIT ta Amurka, ma haka yake, sai dai a darussan adabi ya fi ba da jadawalin karatu da tambayoyin rubutu fiye da bidiyo. Iri na biyu shi ne na dandaloli kamar edX da Coursera, waɗanda aka kafa a 2012, da FutureLearn, da Edraak mai koyarwa da Larabci. A nan akwai rajista, da gajerun jarrabawa, wani lokaci da wa'adi. Kwas ɗin Farfesa Gregory Nagy na Jami'ar Harvard a kan jarumi a adabin tsohuwar Girka yana cikin waɗanda suka yi suna a edX.

Kafin ka amince da kowane kwas, ka buɗe jadawalin karatunsa ka nemi amsar tambayoyi uku. Shin littafin da ka zaɓa za a karanta gaba ɗaya, ko 'yan yanke-yanke ne daga littattafai goma? An faɗi sashen da za a karanta kafin kowace lacca? Akwai rubutaccen kwafin abin da malamin ya faɗa? Idan amsar ta biyu a'a ce, zai yi maka wuya ka haɗa karatun da laccar, kuma gara ka nemi wani. Bayan haka ka saurari minti goma na lacca ta uku ko ta huɗu. Ta farko gabatarwa ce, ba ta nuna ainihin salon malami.

Gargaɗi: kalmar kyauta a dandalolin iri na biyu tana da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan suna canzawa. A wasu wurare za ka ga darussan na wani ƙayyadadden lokaci ne sannan a rufe, a wasu kuma darasin farko kaɗai ake buɗewa. Inda aka ce ka shigar da katin banki domin gwajin kwana 7, ka sani ranar da wa'adin ya cika za a fara cirar kuɗi kai tsaye idan ba ka soke ba. Karanta littafi ba ya buƙatar ka ba kowa lambar katinka.

3. Tsayar da fassara da bugu

Wannan ne matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne yake kayar da mutane da yawa. Sai dai idan kana jin tsohon Girkanci ko Rashanci ko Sifananci, abin da za ka karanta aikin mafassari ne, kuma mafassara biyu suna iya ba ka littattafai biyu masu ɗanɗano dabam daga asali ɗaya.

Littattafan da ake samu kyauta bisa doka su ne waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare. A ƙasashe da yawa hakan yana faruwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, a wasu shekara 50. Abin da mutane suke mantawa shi ne fassara tana da nata haƙƙin mallakar dabam. Saboda haka Odyssey da za ka samu a Project Gutenberg, taskar da Michael Hart ya fara a 1971 wadda yanzu take da littattafai sama da 70,000, tsohuwar fassara ce kamar ta Samuel Butler ta 1900. Sabuwa kamar ta Emily Wilson ta 2017 sai ka saya ko ka ara a laburare. Haka Don Quixote: ta John Ormsby ta 1885 tana nan kyauta, ta Edith Grossman ta 2003 kuwa ta sayarwa ce.

Tsohuwar fassara ba ta da laifi, amma tana da tarko. Butler ya yi amfani da sunayen Rumawa, ya kira jarumin Ulysses, ya kira Athena da Minerva, Zeus kuma Jove. Malamin da kake saurara zai riƙa cewa Odysseus da Athena da Zeus, kai kuwa kana ta duba shafinka ba ka gan su ba. Sannan fassarar Butler zube ce, babu lambobin layi, alhali malamai suna nuni ne da kashi da layi, su ce kashi na 9, layi na 105. Wanda littafinsa ba shi da waɗannan lambobi zai ɓata minti biyar yana neman abin da aka wuce tuntuni.

Ga yadda za ka yi. Da farko ka duba jadawalin kwas ka ga fassarar da malamin yake amfani da ita, kuma idan kana da halin saye, ita za ka saya, domin wannan ne wuri ɗaya a dukkan tafiyar da kashe kuɗi yake da cikakkiyar riba. Idan babu hali, ka samo fassara biyu na kyauta, ka karanta shafi biyun farko na kowacce da murya, ka riƙe wadda ba ka yi tuntuɓe a cikinta ba. Sannan ka rubuta jerin sunayen da suka bambanta a shafin farko na littafin rubutunka. Domin lambobin layi na adabin Girka da Rum, taskar Perseus ta Jami'ar Tufts tana nuna matani kashi-kashi da lambobinsa. Wasannin Shakespeare kuma laburaren Folger ya saka su kyauta da lambobin layi. Mai neman na Larabci ya duba Maktabatus Shamila da gidauniyar Hindawi, kuma kada ya ɗauki Mu'allaƙat tsurarsu, ya nemi wadda take haɗe da sharhi, kamar na Zauzani.

Gargaɗi: ka guji bugun da aka taƙaita. Ana yawan sayar da rabin littafi da cikakken suna a bango. Ka ƙirga babi ka gwada da adadin da ka sani. Idan Don Quixote ɗinka bai kai babi 52 a kashi na farko da 74 a na biyu ba, an yanke shi.

4. Haɗa kayan aiki, ka rage cin data

Kayan ba su da yawa: waya ko kwamfuta, abin sauraro na kunne, ƙamus da yake aiki ba tare da intanet ba, littafin rubutu na takarda da biro. Idan a waya za ka karanta, ka sauke littafin a tsarin EPUB, domin rubutunsa yana daidaita da faɗin allo, PDF kuwa sai ka yi ta ja da matsawa har ido ya gaji.

Babban abin da yake cin kuɗi a wannan karatu shi ne bidiyo. Dukkan rubutun War and Peace bai wuce megabayit 3 da 'yan kai ba, alhali lacca ɗaya ta awa guda a hoto mai kyau tana cin ɗaruruwan megabayit. Laccar adabi kuwa mutum ne a tsaye yana magana, babu abin da za ka rasa idan ba ka ga fuskarsa ba. Ka sauke sautin kawai inda aka tanada, kamar yadda Yale ta yi, ko ka rage ingancin hoton zuwa mafi ƙanƙanta, ka kuma ajiye rubutaccen kwafin laccar. Ka sauke na makonni biyu a lokaci ɗaya, yadda yankewar intanet ba za ta zama dalilin tsayawa ba.

5. Auna saurinka, ka raba littafin

Kada ka ɗauki jadawalin jami'a yadda yake. An tsara shi ne domin ɗaliban da karatu ne aikinsu, masu iya cinye shafi ɗari a mako. Ka zauna minti 20 da littafin, ka karanta a natse, ka ƙirga shafukan da ka ci, sannan ka lissafa bisa lokacin da kake da shi a ranar da ta fi cunkushe maka. Da wannan za ka raba littafin. Kashi 2 na Odyssey a mako zai kai ka ƙarshe a mako 12. Babi ɗaya na Don Quixote a rana mako 18 ke nan. Babi ɗaya na War and Peace a rana shekara guda ce har da 'yan kwanakin hutu.

Ka rubuta rabon da kwanan wata a takarda, ka bar mako ɗaya babu komai bayan kowane mako huɗu domin cike giɓi. Akwai dalilin wannan taka-tsantsan. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 a kan kwasa-kwasan Harvard da MIT da ke edX ya nuna kimanin rabin masu rajista ko darasin farko ba sa leƙawa, kuma waɗanda suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018 kusan kashi 3 cikin 100 ne kacal. Inda babu mai kiran suna kuma babu kuɗin da za a yi asara, jadawalin da ka rubuta da hannunka ne kaɗai zai riƙe ka.

6. Karanta, saurara, sannan ka koma

Nan ne zuciyar aikin, kuma jerin yana da muhimmanci.

Karatu na farko ka yi shi kai kaɗai, wayarka a rufe ga saƙonni, ba ka buɗe lacca ba, ba ka duba taƙaitawa ba. Ka bi labarin kawai. Kalmar da ba ka sani ba ka ja mata layi ka wuce, sai idan ta tare ma'anar jimla gaba ɗaya sannan ka buɗe ƙamus, domin wanda yake tsayawa a kowace kalma ba zai taɓa jin tafiyar labari ba. Da ka kai ƙarshen rabon ranar, ka rufe littafin ka rubuta abu uku: abin da ya faru cikin jimla biyu ko uku da kalmominka, wurin da ya tsaya maka a rai tare da lambar shafi ko layi, da tambaya ɗaya da ba ka da amsarta. Misali, wanda ya fara Odyssey zai lura an ci kashi huɗu ana bin Telemachus, ɗan Odysseus, yana yawon neman labarin mahaifinsa, jarumin da kansa bai bayyana ba sai a kashi na 5. Tambayarsa za ta iya zama: me ya sa aka ɓoye mai labarin har tsawon wannan lokaci? Tambaya irin wannan ta fi shafi goma na kwafar maganar malami daraja.

Sai bayan haka za ka saurari lacca, littafin a buɗe a gabanka. Duk lokacin da malamin ya ambaci wani wuri, ka dakatar da sautin, ka nemo wurin, ka karanta shi da idonka kafin ka ci gaba. Laccar awa ɗaya za ta iya cin awa ɗaya da rabi ta wannan hanya, kuma hakan daidai ne. A littafin rubutunka ka ware gefe ɗaya domin abin da malamin ya ce, ɗaya gefen domin naka, yadda bayan wata shida za ka iya bambance ra'ayinka da nasa. Kada ka ƙara saurin sauti domin ka gama da wuri, kuma kada ka saurari lacca kana wani aiki ka ƙirga ta cikin waɗanda ka yi.

Abu na uku a wannan jeri shi ne wanda kusan kowa yake tsallakewa: ka koma ga shafi biyu ko uku da laccar ta fi tsayawa a kansu, ka sake karanta su a hankali, in waƙa ce da murya. A nan ne za ka ga ko abin da malamin ya faɗa yana cikin matanin da gaske, ko kuwa fahimtarsa ce wadda kake da damar ƙin yarda da ita. Farfesa ya fi ka sanin tarihin littafin da harshensa, amma shafin da yake gabansa shi ne a gabanka.

Gargaɗi: taƙaitattun bayanai na intanet da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna da amfani wajen tuna wane ne wane, bayan ka karanta. Idan ka gabatar da su, za su ba ka jin cewa ka san littafin, kuma wannan jin ne yake kashe sha'awar buɗe shi. Manhajojin nan kuma sukan ƙago jimlolin da babu su a littafi su jingina wa marubuci, don haka duk abin da suka kawo a matsayin nassi ka nemo shi a shafinsa kafin ka rubuta.

7. Wuraren da ake makalewa

Kowane babban littafi yana da wurin da masu karatu suke zubewa, kuma sanin wurin tun da wuri rabin magani ne. A kashi na 2 na Iliad, ɗaya waƙar da ake dangantawa ga Homer, akwai dogon jerin jiragen ruwa da shugabanninsu da garuruwansu. A kashi na farko na Don Quixote akwai labaran wasu mutane da aka cusa a tsakiya, waɗanda suke janye ka daga jarumin na babi da dama. Tolstoy yakan ajiye labari ya shiga dogon bayani a kan tarihi da yaƙi. Idan ka iso irin waɗannan wurare ka rage tsammani, ka bi su da sauri, ka sa alama, ka wuce. Sautin littafi yana taimakawa a nan: LibriVox, wadda aka fara a 2005, tana da karatun 'yan sa-kai na littattafan da haƙƙinsu ya ƙare, sai ka saurara idonka yana bin rubutun, muddin fassarar ɗaya ce da taka.

Matsala ta biyu sunaye ce. A littattafan Rasha mutum ɗaya yana amsa sunaye uku ko huɗu gwargwadon mai kiransa: a War and Peace, Natasha ita ce Natalya Ilyinichna, ita ce kuma 'yar gidan Rostov, Pierre kuwa shi ne Pyotr Kirillovich Bezukhov. Ka ware shafi biyu ka zana gidaje da dangantakarsu da kanka yayin da suke bayyana. Jerin sunayen da ke intanet yakan tona wanda zai mutu da wanda zai auri wa.

Idan ka yi fashin mako biyu ko uku, kada ka koma farko. Ka karanta abin da ka rubuta a littafin rubutunka, ka ɗora daga inda ka tsaya, ka matsar da kwanakin jadawalin gaba.

8. Samu abokin karatu, ka kuma yi rubutu

Abin da kwas na kyauta ba ya bayarwa shi ne wanda zai tambaye ka ina ka kai. Mutum ɗaya ko biyu sun isa, ku yi alƙawarin minti 30 a mako, ido da ido ko ta waya, kowa ya zo da tambayar da ya rubuta. Sharaɗin zaman shi ne duk wanda ya yi da'awa a kan littafin ya nuna shafin. Taron mutum ashirin yakan koma hira cikin mako uku.

Idan ka gama littafin, ka ɗauki ɗaya daga tambayoyin rubutu da ke jadawalin kwas, ko ɗaya daga naka, ka amsa ta a shafi biyu, kana kafa hujja da wurare uku daga matanin. Ka rubuta da harshen da ka fi iya tunani da shi, ko da ba shi ne harshen kwas ɗin ba, ka ba abokin karatunka ya duba.

9. Batun takardar shaida

Ka bar wannan shawara sai ka kai aƙalla rabin kwas. Takardar da edX ko Coursera suke bayarwa ta kuɗi ce, tana nuna ka kammala darussan da jarrabawarsu, amma a mafi yawan lokaci ba ta zama makin digiri ba, kuma laccocin Yale da MIT na fili ba su da takarda kwata-kwata. Idan kana koyarwa ko kana neman gurbin ƙaro karatu, kuma kana ganin takardar za ta ƙara wa takardunka nauyi, ka duba ranar ƙarshe ta biya a shafin kwas ɗin, domin takan wuce kafin kwas ya ƙare. Dukkan dandalolin biyu suna da fom na neman rangwame ga marasa hali, kuma amsa takan ɗauki kwanaki, don haka ka cike shi da wuri, ka kuma tabbatar sunan da ke rajistarka ya yi daidai da wanda ke katin shaidarka kafin a fitar da takardar.